Mai horon doki

Ranar salla, a Bangi, cikin ƙasar Madawa, samari suna sukuwa. Wanda dokinsa ya zo na farko, shi ake yi wa guɗa. Mai horon dokin kuwa yana can gefe, riƙe da ragama, ba mai dubansa.

Dattawa ba su yanke hukunci ranar. Sai washegari su je turke. Dokin ya ci harawarsa? Yana ɗingishi? Linzami ya tsaga masa baki? Sirdi ya yi masa miki? In ya ci tsere amma ya kwana bai taɓa dawa ba, an cuce shi.

A Faransa, tun 1874 ake wani babban tsere a filin Otoy na Pari, inda dawaki ke tsallake shinge da ruwa. Can ma a hankali ake koya wa doki tsalle.

Samarin yanzu sun iya hawa, ba su da tsoro. Gaggawa ce ta yi musu yawa, sun saba da babur. Wani sai ya ɗora wa duƙushi sirdi tun ƙafafunsa ba su yi ƙwari ba. Amma akwai masu tashi da asuba su share turke, su jiƙa dusa da kanwa, sannan su tafi makaranta.