KALMA ƊAYA, MA'ANA BIYU: ABIN DA NAKE SO A SA A ƘAMUS

Garinmu Jibiya yana bakin iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar. In mutum ya wuce shingen Magama ya faɗa Ɗan Isa, daga nan kuwa sai Maraɗi. Mutanen can da na nan duk dangin juna ne, don kuwa sarakunan Katsina na Haɓe ne suka kafa Maraɗi bayan jihadi. Turawan Ingila da na Faransa su suka zo daga baya suka ja iyaka, kowa ya bar wa nasa ɓangaren kalmomin harshensa. Shi ya sa mu muke cewa kwastan, su su ce duwan. Yaronsu lakwal yake zuwa, malaminsa kuwa mushe ne.

Waɗannan ba su da wuya, da an ji su sau biyu an gane. Masu rikitarwa su ne waɗanda baki ɗaya yake faɗa amma kunne biyu ke ji dabam. Mu biro abin rubutu ne, su kuwa biro ofis ne. Mu likita mutum ne, su in an ce an kai wane likita, asibiti ake nufi. Babbar cikinsu ita ce jaka. Mahaifina, wanda yake sayar da hatsi a kasuwar Jibiya ran Lahadi, ba ya sallama kaya sai ya tambaya, "Jaka ta wace ƙasa?" Dalili kuwa, jakarmu naira 200 ce, tun lokacin da take fam ɗari, tasu kuwa sefa 1,000 ce. Wannan ba wasan kalmomi ba ne, abincin gida ne.

To, a zangon karatun da ya wuce malaminmu na kwamfuta ya nuna mana wani rumbu na intanet mai suna Wikidata. An buɗe shi a shekarar 2012, kowa kuma yana iya sa hannu ya ƙara ko ya gyara, kamar aikin gayya. Tun daga 2018 aka fara ajiye kalmomi a ciki. Kowace kalma ana ba ta lambarta, a jera sigoginta, a rarrabe ma'anoninta ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda masu Ingilishi suke ɗaure kalmominsu. In ka buɗe kalma guda, sai ka tarar a ƙasanta an sa mahaɗi zuwa ainihin gurbinta a ƙamus na Oxford ko na Merriam-Webster. Watau ba wanda zai ce maka "haka nake ji ana faɗa". Ka danna, ka je ka gani da idonka.

Aikin kuwa ba na gaggawa ba ne. Malam ya nuna mana kalmar da Bature yake kiran banki da ita, ita ce kuma yake kiran gaɓar kogi. Rubutu ɗaya, asali dabam, gurbi dabam a ƙamus. Wanda ya ɗaura ta gaɓar kogi a gurbin ta kuɗi ya ɓatar da duk mai zuwa bayansa, har da injinan fassara da ke ɗiban bayani daga irin waɗannan rumbuna. Ina jin haka sai na ce a raina, ashe Turawa ma suna da tasu jakar.

Mu fa? Ba a rasa ƙamus a Hausa ba. Akwai na Bargery na 1934 mai kalmomi wajen 39,000, wanda har yakan nuna cewa wannan kalma ta Katsinawa ce, waccan ta Sakkwatawa, an kuma sa shi a intanet. Akwai na Abraham na 1949, da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, da na Paul Newman na 2007. Bugu da ƙari, a 2021 an zaɓi Hausa cikin harsuna biyar da za a mai da hankali a kan kalmominsu a Wikidata, tare da Ibo da Dagbani da Bengali da Malayalam. Ƙofa dai a buɗe take.

Amma a ganina, in aka bar aikin ga mutanen birni kaɗai, Hausar Kano za a shigar a ce an gama. Ba ina ƙyashi ba ne, ita ce muke rubuta jarrabawa da ita. Sai dai Bamaraɗe ma Bahaushe ne, kuma ba a Kano ake sanin biro mai ma'ana biyu ba, a bakin shinge ake saninta. An rufe iyakar nan a 2019, aka sake rufe ta a 2023 bayan juyin mulkin Yamai, motoci suka tsaya, amma maganar mutane ba ta tsaya ba. Ga shi kuma tun 2021 aka ƙaddamar da aikin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, ta Jibiya za ta bi. Fasinjan da zai sauka can yana bukatar ya san abin da zai ji.

Saboda haka ni da abokaina uku 'yan ɗakin kwananmu mun yanke shawara. Wannan hutu kowa zai tafi da littafi ɗan ƙarami, ya zauna wurin direbobi da 'yan canji da tsofaffin gida, ya rubuta kalma, da ma'anarta, da ɓangaren iyakar da ake faɗinta. In mun dawo za mu duba wadda take cikin Bargery da wadda babu, sannan mu roƙi Malam ya ba mu ɗakin kwamfuta ran Asabar da yamma. Ni an ba ni kalmomin kuɗi da na awo. Duk ɗalibin da yake da dangi a Ɗan Isa ko Madarumfa, don Allah ya neme mu kafin ranar tafiya gida.