Tsiron da Ke Cin Ƙuda

Kowa ya san ƙwaro ne ke cin ganye. Amma a jihar Origon ta ƙasar Amurka akwai wata 'yar fadama inda ganye ke cin ƙwaro. Tana gefen babbar hanyar mota mai lamba 101, kamar mil 5 arewa da garin Florence, faɗinta kuwa eka 18 ne. Hukuma ta keɓe ta domin tsiro guda ɗaya tak, wanda masana suka raɗa wa suna Darlingtonia a shekarar 1853.

Da na sauka daga mota, sai na bi wata siririyar gadar katako, don an hana taka ƙasar. Can sai ga su tsaitsaye cunkus, wasu sun kai kamu guda ko fiye, kowane ya fasa kai kamar gamsheƙa, har da wani ɗan ganye mai reshe biyu kamar harshe.

Ga yadda yake farautarsa. Ganyen rami ne kamar bututu, bakinsa yana ƙarƙashin kan, da wani ruwa mai zaƙi a gefensa. Ƙuda ya bi zaƙin ya shige. In ya so fita, sai ya ga haske ta wasu ɗigo-ɗigo a saman kan, ya zaci taga ce, ya yi ta karo har ya gaji ya faɗa ƙasa. Bangon yana da santsi, da gashi mai kallon ƙasa, ba halin hawowa. Can ƙasa akwai ruwa, nan zai ruɓe, tsiron ya tsotse.

To, me ya kai tsiro ga cin nama? Rashi ne. Ƙasar fadamar ba ta da taki, abin da saiwa ta kasa samu sai ganye ya nemo.

Ya kai mai karatu, kwaɗayi mabuɗin wahala ne, ƙudan nan shaida. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne raunin maharbin. Saiwarsa ba ta jure zafi, sai ruwan sanyi na ratsa ta kullum. Wanda ya tone shi ya kai gida, galibi mutuwa yake yi. In aka janye ruwan aka shimfiɗa gona, shi ke nan an rabu da shi. Saboda haka kada mu yi saurin kiran kowace fadama wofi don kawai ba ta ba mu hatsi.