Abin da Ke Taɓa Kunne

Hedifon mai tsada iri biyu ne. Akwai mai buɗaɗɗen baya, akwai mai rufaffe. Na farkon raga ce a bayansa, iska na shiga tana fita, na kusa da kai yana jin duk abin da kake ji. Na biyun ƙoƙo ne a rufe ruf. Kai ba ka jin gari, gari ba ya jin ka. Shi ya sa mawaƙin da ka gani tsaye gaban makirufo a situdiyo, a Kano ne ko a Landan, rufaffe ne a kansa. Da buɗaɗɗe ya sa, da kiɗan ya tsiyaya ya koma cikin makirufo ya gauraya da muryarsa.

Rufewar nan ce amfaninsa, ita ce kuma ciwonsa. A cikin kowane ƙoƙo akwai ɗan tantani da ke kai da kawowa, gaba da baya. Sautin gaba kunnenka yake nufa. Na baya ba shi da wurin zuwa. Sai ya bugi bangon ƙoƙo ya dawo, ya tarar da tantanin yana tsakiyar wani aikin. Malam, in ka taɓa sa kai cikin randa ka yi magana, ka san muryar da ke dawowa. Wani kaso na kuɗin hedifon rufaffe mai tsada wurin kashe wannan amsa-kuwwar yake tafiya.

Kowane kamfani da dabararsa. A 1989 Sony ta fitar da MDR-R10, ta sassaƙa ƙoƙonsa da katakon wata bishiyar Japan mai shekara 200, ta yi tantaninsa da wani zare da ƙwayoyin halitta ke saƙawa. Wajen guda 2,000 aka yi, kowane dala 2,500, kuma yau na hannu ya fi sabo na wancan lokacin tsada. Fostex ta shafe ƙoƙon TH900 da jan ƙaro na gargajiyar Japan da ake kira urushi. Sennheiser ta Jamus, wadda ita ce ta fara yin buɗaɗɗe a 1968, ta zo a 2018 ta rufe bayan HD 820 da gilashi mai lanƙwasa, don ya karkatar da sautin baya zuwa wasu ramuka da za su shanye shi. Focal ta Faransa ta yi Stellia a 2019, dala 3,000, tantaninsa na wani ƙarfe mara nauyi mai suna beriliyam. Da katako da gilashi da ƙarfe, duk ɗaki ake ginawa. Faɗinsa bai wuce tafin hannu ba.

Abin da na lura da shi shi ne, ranar da mutum ya mallaki irin wannan hedifon, ranar hankalinsa ke barin kansa. Sai ya koma kan abin da zai jona masa.

Amfilifaya dai, wato na'urar da ke tura wa hedifon wuta, ba ƙarya ba ce, tana da aikinta. Lambobi biyu ne ke gaya maka ko kana bukatarta, kuma yawanci suna nan a jikin kwali. Ɗaya ita ce turjiyar da hedifon ke yi wa wuta, da om ake auna ta. Ɗayar kuwa yawan ƙarar da zai bayar in an ba shi wuta 'yar ƙanƙanuwa, miliwat ɗaya. Stellia om 35 ne, kuma miliwat ɗaya na kai shi desibel 106. Wannan ɗan kebul ɗin da Apple ke sayarwa dala 9 don jona hedifon a waya zai iya ɗaga shi har ka rage. HD 820 om 300 ne, yana son a tura masa wuta da ƙarfi, wayar hannu za ta gaza. Stealth na Dan Clark, da ake yi a San Diego ta Amurka, wanda ya fito a 2021 a kan dala 4,000, om 23 ne kacal, amma miliwat ɗaya bai kai shi ko desibel 90 ba. Duk desibel 10 da kake son ƙarawa, sai ka ninka wutar sau goma. Tsakanin Stealth da Stellia akwai tazarar kusan desibel 20. Wutar da ɗaya ke ci ta kusa ninka ta ɗayan sau ɗari.

Akwai lamba ta uku da ba kowane kwali ke ɗauke da ita ba. Ita kanta amfilifayar tana da tata turjiyar a bakin fita. Masu sana'ar suna cewa kada ta wuce kashi ɗaya cikin takwas na turjiyar hedifon. Hedifon mai om 32 ke nan yana son amfilifayar da ba ta haura om 4 ba. Wasu masu kwalaben gilashi, irin na tsohuwar rediyo da sai ta yi ɗumi take magana, suna haura om 100. Jona musu hedifon mai om 300, su zauna lafiya. Jona musu Stellia, bes ya kumbura ya yi laɓo-laɓo. Wani zai ji haka ya ce sautin ya yi zaƙi, kuma ba laifi ba ne mutum ya so shi haka. Amma ya san dai ba abin da aka ɗauka a situdiyo yake ji ba. Kwalaben kuma suna zafi, suna ƙarewa, ba sa son wutar da ke hawa tana sauka. Mai irinta a unguwarmu sai da sitabilaiza a gindinta.

Da zarar amfilifaya ta ba da isasshiyar wuta, ba ta tsaki, turjiyarta ƙasa take, to ta gama abin da aka kira ta yi. Abin da ya rage na bambanci tsakanin mai dala 200 da mai dala 2,000 ƙanƙane ne ƙwarai, kuma kunne na da wata ɗabi'a da ke ruɗa gwaji. Tun 1933 wasu masu bincike biyu a Bell Labs, Fletcher da Munson, suka nuna cewa in ƙara ta ƙaru, kunne ya fi kama bes da siririn sauti na sama. Don haka in aka kunna maka biyu, ɗaya ta ɗara ɗaya ƙara ko da kaɗan ne, wadda ta ɗara za ka zaɓa. Ba za ka ce ta fi ƙara ba. Cewa za ka yi ta fi cika. Duk gwajin da ba a daidaita ƙarar na'urorin biyu da abin awo ba, maɓallin ƙara aka gwada.

Kebul ne ya fi ba ni mamaki. Akwai na dala 500, akwai na 1,000, an kitse shi kitso takwas, wani jan ƙarfe, wani azurfa. Gaskiya ne azurfa ta fi jan ƙarfe wuce da wuta, da kamar kashi 6 cikin ɗari. Amma kebul mai kyau na mita biyu turjiyarsa duka ba ta kai om ɗaya ba. Kashi 6 cikin ɗari na abin da bai kai om ɗaya ba, a gaban hedifon mai om 300, babu kunnen ɗan Adam da zai tsinto shi. Wanda ya canza kebul ya koma ramin da ake kira balans, irin mai milimita 4.4 da Sony ta fara yaɗawa a 2016, sau da yawa yakan ji canji na gaske. Dalili kuwa, a na'urori da yawa wannan ramin ninki huɗu yake bayarwa na wuta, desibel 6 ke nan. Mun koma maganar ɗazu.

Ban ce kada a sayi kebul ba. Akwai dalilai masu kyau. Wani na kamfani mita uku ne, kana tashi ƙafar kujera ta take shi. Wani ya yi tauri, ba ya kwanciya. Wani kuma in ya goga da wuyan riga, ƙarar gogar tana bin sa har cikin ƙoƙo, kuma a rufaffen hedifon ta fi fitowa, tunda ba inda za ta tsere. Kebul mai laushi, daidai tsawon teburinka, mai kan da ya dace da raminka, ya biya kuɗinsa. 

To duk wannan hidimar ana yin ta ne a nesa da kai. Abu ɗaya ne a jikin hedifon ke taɓa mutum da gaske, shi ne 'yar katifar nan da ke zagaye kunne. Ita ce ba a hira a kanta.

Ɗakin da na ce ana ginawa, bangonsa na ƙarshe katifar ce da fatar kanka. Bes ɗin rufaffen hedifon daga matsewar iskar da ke tsakanin tantani da kunne yake fitowa. In iskar ta sami kafa, bes ya zurare. Ƙafar tabarau mai kauri kafa ce. Saje mai yawa kafa ne. Gefen hula in ya sauko, ko ɗankwali, ko hijabi da aka ɗora hedifon a kansa, duk kafa ne. Asarar da ake yi a nan takan kai desibel da dama, ta fi duk abin da wani kebul zai taɓa canzawa nesa ba kusa ba. Gwada da kanka, maƙwabci. Kunna waƙa mai ganga, sa tabarau, saurara. Cire shi. Sannan ka danna ƙoƙunan biyu da yatsa a hankali. Waƙa ɗaya ce, za ka ji ta kala uku.

Katifar kuma tana tsufa, ba ta sanarwa. Soson ciki yana kwantawa kaɗan-kaɗan, kunne yana matsowa kusa da tantani, ɗakin yana ƙanƙancewa. Mai shi ba ya lura, domin kullum da shi ake tafiya. Sai bayan shekara ko biyu ya ji sautin ya dushe, ya fara duban amfilifaya da zargi. A ƙasa mai zafi abin ya fi sauri. Rufaffen ƙoƙo yana tara gumi, a watan Afrilu minti talatin ya isa kunne ya jiƙe. Fatar roba ba ta jure wannan, takan fashe ta riƙa zubar da baƙin ɓawo a kafaɗar farar shadda. Fatar gaske ta fi daɗewa in ana goge ta. Mai laushi irin karan-miski ta fi shan iska, amma ba ta toshewa kamar fata, don haka sautinta daban ne.

Ina son rufaffen hedifon saboda wani dalilin da ba ya cikin talla. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya sauraron desibel 80 na awa 40 a mako ba tare da ya cuci kunnensa ba, kuma in aka ƙara desibel 3 kacal, lokacin ya ragu da rabi. Yawancinmu ba don daɗi muke ƙure ƙara ba. Janareton maƙwabta muke son dannewa, da injin markaɗe, da hon ɗin Keke Napep. Ƙoƙon da ya toshe da kyau yana rage wannan hayaniyar tun kafin ta shigo, sai hannu ya bar maɓalli a ƙasa. Sony ta rubuta cewa MDR-Z1R na kai wa har sauti mai kaɗawa sau 120,000 a daƙiƙa. Kunnen yaro lafiyayye a 20,000 yake tsayawa, na mai shekara hamsin bai kai nan ba, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Kariyar da hedifon zai ba wannan ragowar, ita ma a katifa take.

Kafin a biya kuɗin kowane hedifon, tambayar da zan so a yi wa mai shago ita ce ko ana samun katifarsa daban, kuma nawa. Beyerdynamic na yin DT 770 a garin Heilbronn tun shekarun 1980, bai kai dala 200 ba, kuma yana cikin situdiyo ba iyaka. Katifarsa da hannu ake zare ta, a sa sabuwa, ba sukundireba. Na wasu masu tsadar kuwa sai an yi oda, an jira. In za a canza, a nemi irin ta asali, domin wadda ta fi ta kauri da 'yan milimita ta riga ta canza girman ɗakin. A sayi biyu tun hedifon yana kasuwa, a ajiye ɗaya cikin leda, nesa da rana.