Ruwa Ba Ya Ajiye Labari

Duk wanda ya tashi a Yelwa ya taɓa ganin wannan. Ana cikin jirgi ranar kasuwa, ga buhunan albasa ga kwandunan busasshen kifi, sai wani dattijo ya miƙa hannu ya nuna tsakiyar ruwa ya ce, "Nan rumbunmu yake, can kuma kabarin kakana." Mu yara sai mu leƙa, ba mu ga komai ba sai inuwar kanmu. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya shanye tsibirai da ƙauyuka, aka kwashe dubban Gungawa da maƙwabtansu zuwa sabbin matsugunai a tudu.

Muka girma da tunanin cewa tafkin yana riƙe mana da amana, duk abin da ya haɗiye yana nan a ajiye. Wannan tunani ya sa ba mu taɓa gaggawar tambayar tsofaffinmu ba.

Karatun kimiyya ne ya ɓata mana wannan lissafi, ta hanyar wani ɗan bakin kogi irinmu. Ahmed Zewail ya tashi a garin Desuƙ a gaɓar kogin Nilu a Masar, ya yi aiki a jami'ar Caltech a Amurka, ya karɓi kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 1999. Abin da ya kawo masa ita shi ne dabarar kallon ƙwayoyin sinadari suna haɗuwa suna rabuwa cikin femtosakan. In an gwada femtosakan da sakan ɗaya, kamar a gwada sakan ɗaya ne da shekara miliyan 32.

Dabarar ta yi kama da abin da masunta ke yi da fitila cikin dare. Ana harba walƙiyar leza ta farko ta zaburar da ƙwayoyin, sai a bi ta da ta biyu ta duba halin da suka shiga. Ba agogon da zai auna wannan tazara, don haka madubi ake matsarwa a tsawaita hanyar walƙiya ta biyu, tunda cikin kashi ɗaya bisa tiriliyan na sakan haske bai wuce tafiyar sulusin milimita ba. A yi ta maimaitawa ana ƙara tazarar, a jera sakamakon, sai motsin ya fito kamar fim.

Da masana suka juya wannan fitila kan ruwa, ga abin da suka gani. Kowace ƙwayar ruwa tana riƙe da maƙwabta kusan huɗu ta wani sassauƙan ɗauri na haidirojin. Wannan ɗauri ne ke sa ƙwaro ya yi tafiya a saman ruwa bai nutse ba, shi ne kuma ke sa tafkin ya kwana da ɗumi lokacin hunturu har mu ga hazo yana tashi da asuba. Amma ɗaurin ba ya daɗewa. Cikin kusan kashi ɗaya bisa tiriliyan na sakan ƙwaya ta saki maƙwabciya ta kama wata. A 2005 masu bincike na Kanada da Jamus suka nuna cewa ruwa yana manta tsarin da yake ciki cikin ƙasa da femtosakan 50.

Ashe abin da muka ɗauka ma'aji ne, mantuwarsa ta fi ƙiftawar ido sauri nesa ba kusa ba. Ginin laka da ya nutse ya narke tuntuni, ruwan da ya rufe shi ma ya bi Kwara ya faɗa teku.

Wanda ya yi wayo kafin 1968 yanzu ya haura sittin, kuma kowace damina ana rage mana su. Shi ya sa a bana muka zauna da Baba a ƙofar gida, muka kunna waya muka ce, "Baba, a faɗa mana sunayen tsibiran ɗaya bayan ɗaya, da waɗanda suka zauna a kansu." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Sai yanzu kuka tuna?" Ya lissafa bakwai, na takwas ya ɓace masa. Ya ce a tambayi ƙanwarsa da ke Ngaski, ita ta fi shi riƙe suna. Ranar Asabar za mu je.