Tsaro da Kula: Ajiyar Kaya a Ƙasar Yawuri

Akwai wata sana'a da ta kafu a Amurka tun wajen shekarun 1960, wadda har yanzu ba a raɗa mata suna da Hausa ba. Mai hali zai sami fili ya jera ƙananan ɗakuna masu ƙyauren ƙarfe, ya riƙa bai wa jama'a haya wata-wata domin su jibge kayan da suka yi musu yawa a gida, kamar kujeru da littattafai da tufafin sanyi. Wanda ya kama ɗaki shi zai sa kwaɗonsa, ya tafi da mabuɗi. Kamfanin Public Storage, wanda aka kafa a Kalifoniya a 1972, yana cikin manyan masu wannan harka. A da, kowane irin wannan wuri yana da manaja mai zama a ciki, har a kan gina masa wurin kwana a bakin ƙofa. Sannu a hankali aka fara maye gurbinsa da kyamara da ƙofa mai buɗewa da lambar sirri, kuɗin haya kuma a biya ta intanet. Annobar korona ta 2020 ta ƙara ingiza abin, ta yadda ma'aikaci guda zai zauna a ofis ya duba wurare da yawa waɗanda bai taɓa taka ƙasarsu ba. Masu sana'ar suna ta muhawara a kan wanne ya fi, manajan da ke zaune a wurin ko wanda ke hange daga nesa.

Mai karatu zai iya cewa wannan gardama ce ta waɗanda suka ƙoshi. Amma duk wanda ya san kasuwannin Yalwa da Wara da ƙauyukan bakin tafkin Kainji ya san cewa ita ce gardamar da ake yi a ƙasar Yawuri a yau, sai dai a nan abin da ke cikin ɗakin ba tsohuwar kujera ba ce, jarin mutum ne da abincin iyalinsa na shekara.

Kafin a shiga batun, ya kamata a tsaya kan kalmomi biyu waɗanda a kan gwamatsa su a magana, watau tsaro da kula. Tsaro shi ne hana wani ya taɓa abu: ɓarawo, ko akuya, ko yaro mai ƙiriniya. Kula kuwa ita ce sa ido a kan abin da kansa, a san halin da ya kwana da wanda ya tashi. Mai gadi yana tsaron gida, uwa tana kula da jinjiri. Ba a cewa uwa tana gadin ɗanta, domin abin da take jin tsoro yana iya tasowa daga cikin jikinsa. Kujerar Ba'amurke tsaro kawai take bukata, gama idan an rufe ta shekara uku, kujera za a tarar. Kayan Yawuri ba haka suke ba.

A ɗauki albasa. Tun kafin a datse kogin Kwara, Gungawa sun shahara da nomanta a tsibirai da gaɓar ruwa. An fara ginin madatsar Kainji a 1964, aka gama a 1968, ruwa ya cinye tsohuwar Busa da gungu masu yawa, aka tashi mutane kimanin 44,000 aka sake musu matsuguni. Duk da haka noman bai mutu ba, ya bi ruwa ne, inda tafki ya ja baya a bi danshinsa a shuka, inda bai kai ba a ja da inji. Ana cire albasa da bazara, lokacin da ta yi yawa a kasuwa har ta rasa daraja. Riba tana wurin wanda ya iya riƙe ta zuwa tsakiyar damina ko bayanta, sa'ad da motoci ke neman ta ruwa a jallo domin kai wa Legas da Anaca da Fatakwal. Ana zuba ta a rudu, wato wani dandamali na itace da kara wanda ake ɗagawa daga ƙasa a yi masa jinka, domin iska ta ratsa ta ƙasa da sama. To, a nan aikin yake. Albasa tana numfashi, tana ramewa, tana tsiro idan ta ji danshi, kuma guda ɗaya idan ta ruɓe daga wuya sai ta shafa wa na kusa da ita. Mai kula da rudu da hanci yake fara aiki. Yakan ji tsamin tun kafin ido ya ga komai, sa'an nan ya cusa hannu cikin tuli ya ji ko akwai ɗumi, ya tone ya tsince masu laushi, ya juya sauran. Idan hadari ya haɗo da dare shi zai tashi ya duba jinka. Mai ɗaki, in ji Bahaushe, shi ya san inda yake masa yoyo. Har yau ba a kawo kyamarar da za ta shaƙi warin albasa ta faɗa wa mai ita yana Kwantagora ba.

Kifi ma haka. Sarkawa da sauran masunta sukan yi bandar tarwaɗa da giwan ruwa, su shanya warangi a rana, 'yan kasuwa su saya su tara a sito har a haɗa lodin mota. Banda idan ta kwana biyu cikin danshi sai ta yi fumfuna, ƙwari kuma su shiga ta ciki su bar fata a tsaye, kamar babu abin da ya same ta. Dole a buɗe kwali ko kwando lokaci lokaci, a karkaɗe, a mayar da wanda ya yi laushi kan wuta.

Wannan ba sabon ilmi ba ne a wannan ƙasa. Yawuri tana kan tsohuwar hanyar fataken da ke zuwa Gwanja saro goro, kamar yadda Paul Lovejoy ya bayyana a littafinsa Caravans of Kola na 1980. Goro kuwa ya fi albasa shagwaɓa: sai an kwance huhu a kai a kai, a fitar da mai sankara, a sake ganyen fita, a yayyafa ruwa. A zangunan kurmi an sami mutumin da ake kira mai gida ko fatoma, wanda ke saukar da baƙo, ya adana masa kaya, ya nemo masa mai saye ta hannun dillalansa, ya tsaya masa a kan bashi. Abner Cohen ya yi nazarin wannan tsari a unguwar Sabo ta Badun, ya buga a 1969. Abin lura a nan shi ne, mai dukiya ya daɗe yana zaune nesa da dukiyarsa. Attajirin Kano yana iya shekara bai ga sitonsa na kurmi ba. Ashe ke nan sarrafa ajiya daga nesa ba waya ce ta kawo shi ba. Abin da magabata ba su taɓa yi ba shi ne barin kaya babu mutum a kansu. Nesa ta mai kuɗi ce, kusa kuwa ta amintacce.

Shari'a ma ta san wannan matsayi. A fiƙihun Malikiyya akwai babin wadi'a, watau ajiya, kuma Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda kowane ɗalibin zaure ya sani, ta taɓo shi. Hukuncin a taƙaice shi ne, wanda aka bai wa ajiya amintacce ne, ba ya biya idan abu ya salwanta sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. A tsarin Amurka kuwa, takardar da ake sa wa hannu takan fayyace cewa kamfani ɗaki ya bayar haya, bai karɓi ajiyar kowa ba, saboda haka abin da ya sami kaya ruwan mai su ne, ya je ya yi musu inshora. Idan kuma ya kasa biyan haya, doka ta ba kamfani dama ya yi gwanjon abin da ke ciki. Wanda bai ɗauki amanar kaya ba, ai ba abin mamaki ba ne ya ga zai iya sallamar manaja ya sa na'ura. Haya yake yi, Bayawuri kuwa ajiya yake bayarwa, kuma ba ɗaya ba ne.

Duk da haka, zalunci ne a ce waya ba ta tsinana komai ba. A da, mai kaya ba ya jin labari sai abin da yaronsa ya ga dama ya faɗa masa ranar da suka haɗu. An sha ba kura ajiyar nama. Buhu goma za su tafi kasuwa da dare, da safe a ce ruɓewa suka yi an zubar, kuma babu mai iya ƙaryatawa, tun da kowa ya san albasa tana ruɓewa. Yanzu mai kaya yana iya cewa a ɗauko masa hoton tulin da aka ce ya lalace, a ƙirga buhuna yana kallo ta WhatsApp, kuɗin ciniki kuma su faɗa asusunsa kai tsaye ba tare da sun kwana a aljihun kowa ba. Yana jin farashin Aliero da na Legas a sa'a ɗaya, ya yanke shawarar ko a sayar ko a daure. Har ila yau akwai kayan da suka fi son a ƙyale su. Buhun nan mai ruɓi uku da ake kira PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗawa a Afirka ta Yamma a 2007, yana kashe ƙwarin wake ne ta hanyar toshe musu iska. Wanda ya yawaita kwance shi don dubawa, shi ne ya ɓata aikin. Irin wannan kaya, da shinkafa shanshera wadda ta bushe sarai, kwaɗo mai kyau da rufi marar yoyo da maganin ɓera sun kusa wadatar da su. A nan mai hange daga nesa yana da gaskiya.

Sai dai akwai wani dalili da ya sa masu kaya suka ja da baya, wanda ba shi da alaƙa da ci-gaban zamani. Ranar 17 ga Yuni, 2021, 'yan bindiga suka auka wa Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri suka kwashi ɗalibai da malamai, wasu daga cikin 'yan matan ba su dawo ba sai a 2023. Ƙauyukan Ngaski da Shanga sun sha hare-hare a waɗannan shekaru. Duk wanda aka san yana da ɗan abin hannu ya zama abin farauta, saboda haka da yawa suka tattara suka koma cikin gari, suna aiko da umurni ta waya. Rudu da sito kuwa ba su da ƙafa. Wanda aka bari tare da su shi ne wanda ba shi da inda za shi.

A kwatanta irin wannan mutum. Dattijo ne wanda ya haura sittin, ƙarfin noma ya ƙare masa, an ba shi tsaron rudu huɗu a bayan gari a kan ɗan abin da ba zai sayi buhun hatsi ba a wata. Da la'asar waya ta yi ƙara.

"Baba, yaya kayan?"

"Alhaji, ranka ya daɗe, na gabas ya fara ɗumi. Da za a fitar da shi makon nan da ya fi."

"A'a Baba, a hoton nan ai lafiya lau na gan ta. A ƙara mata wata guda, kasuwa za ta ɗaga."

Hoton bai yi ƙarya ba, domin saman tulin lafiya lau yake. Dattijon ya ce to, gama ba a musu da mai dukiya. Bayan wata guda aka buɗe aka tarar da cikin ya zama ruwa, sai maganar ta juye ta koma kan wa ya yi sakaci. Wannan shi ne aibin tsarin da ba a cika faɗa ba. Waya ta ɗauke ikon yanke shawara daga hannun wanda ke jin wari ta miƙa wa wanda ke ganin hoto, amma ta bar alhakin a inda yake. Fatoman da yana da girma da la'ada, idan ya ce a sayar ana sayarwa, kuma yana da rabo a cikin riba. Magajinsa na yau an rage shi ya zama mai gadi, ana biyansa ladan tsaro, ana kuma tuhumarsa a kan kula. Da a ce masu kaya za su yanka masa wani kaso daga abin da ya tsira, ko da buhu ɗaya ne cikin hamsin, su kuma bar masa ta cewa a kan ranar fitarwa, da an rage asara fiye da abin da kowace na'ura za ta rage.

Ita kanta na'urar ba ta tsaya da ƙafarta ba tukuna a wannan yanki. Abin takaici ne a ce ruwan da ya ci gonakin kakannin mutane shi ke juya injinan Kainji, amma mai son kafa kyamara a sitonsa sai ya nemi farantin hasken rana da batir, ya kuma nemi wanda zai tsare farantin kada a kwance shi. Layin waya ma ba abin dogaro ba ne dindindin. A watan Satumba na 2021 hukuma ta katse sadarwa a jihar Zamfara baki ɗaya saboda yaƙi da 'yan bindiga, daga baya abin ya shafi wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, aka yi makonni babu kira babu saƙo. 'Yan kasuwar da ke da hatsi a waɗannan wurare suka koma aika ɗan saƙo a mota kamar zamanin iyayensu. Wanda ya bar mutumin kirki a kan kayansa ya yi barci, wanda ya bar kwaɗo kaɗai kuwa sai da aka buɗe layi ya san abin da ya rage masa.