Faifan da Na Ƙi Ji

Ni da wana, Allah ya ji ƙansa, mun shekara da shekaru muna gardama a kan waƙa guda, sunanta Stardust, watau ƙurar taurari. Wani Ba'amurke, Hoagy Carmichael, shi ya tsara kiɗanta cikin 1927, sa'an nan Mitchell Parish ya sa mata baitoci cikin 1929. A ganina, tun da Louis Armstrong, sarkin kiɗan jaz, ya busa ta da ƙahonsa cikin 1931, magana ta ƙare.

Ran nan sai ga Yaya da faifan Willie Nelson na 1978. Shi wannan mutumin Texas ne, mawaƙin kantiri, watau waƙar mutanen karkara ta Amurka. Na ce, "Haba Yaya! Ina ruwan biri da gada?" Ya yi murmushi, ya ce ai manyan kamfanin faifan ma sun yi shakka da fari, amma ga shi faifan ya shekara 10 cikin jerin faya-fayan kantiri masu kasuwa. Na ce kasuwa ba ta shaidar gwaninta. Na ƙi ji, shi kuwa bai sāke tayar da zancen ba.

Bayan rasuwarsa aka kawo mini akwatin faya-fayansa. Wani dare barci ya ƙi zuwa, na ɗora wannan. Muryar siririya ce, ta hanci take fita, ba wani ado. Amma ga abin mamaki: yakan bar kiɗa ya wuce shi, har ka ce ya yi sake, sai a ƙarshen baiti ya cim masa cikin natsuwa, kamar dattijon da ya san ba a tashi sai ya iso. To, ai wannan jinkiri shi ne gishirin jaz. Ashe mutumin ya daɗe yana sauraron Django Reinhardt, har ana jin haka a tsohuwar jitarsa mai huji, wadda ya laƙaba wa Trigger. Booker T. Jones, wanda ya shirya faifan, bai cika shi da kayan kiɗa ba, ya bar wa murya fili.

Waƙar kuwa ta begen wanda ya tafi ce. Armstrong wasa ya yi da ita, wasan gwani, har yau ban janye wannan ba. Nelson faɗarta kawai ya yi. Sau uku na maimaita ta a daren nan, na miƙa hannu ga waya in kira Yaya, kana na tuna.