Kalmar Algorithm: Gaɓa Uku Ce Ko Huɗu?

Ya kai mai karatu, in dai ka fara koyon kwamfuta, ba da jimawa ba za ka ci karo da kalmar algorithm, wato jerin matakan da ake bi ɗaya bayan ɗaya har a warware matsala. Na lura ɗalibanmu in sun iso kanta sai murya ta yi ƙasa, wasu ma su tsallake ta don gudun dariya. Ni kuwa ban ga dalili ba, domin wanda ya yi tajwidi ya riga ya ci rabin aikin.

Ƙamus kan yanka ta uku wajen rubutu: al-go-rithm. Amma a baki gaɓa huɗu ce: al, go, ri, sannan thm. Ta ƙarshen nan ita ce mai rikici, don ba a rubuta mata wasali ba, alhali Bature yana saka wani ɗan gajere tsakanin th da m. Mu ma harshenmu ba ya son baƙaƙe su cunkushe, shi ya sa bread ya koma burodi. Larabci ma ai yana gudun haɗuwar sakinai biyu. Gwada rubuta kalmar da ajami, dole ka sa wa harafin kasra, nan take gaɓa ta huɗu za ta fito fili.

Nauyin murya yana kan al. Go ɗin a taƙaice ake faɗinsa, kar ka ja shi. Shi kuwa th, ذ ne, ba ز ba. Ɗora bakin harshenka a kan gefen haƙoran gaba na sama, kamar yadda malaminka ya sha nuna maka.

Asalin kalmar sunan mutum ne: Muhammad bin Musa Alkhawarizmi, masanin lissafi da ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9, zamanin Halifa Ma'amun. A ƙarni na 12 aka fassara littafinsa na lissafi zuwa Latin, sunan ya koma Algoritmi. Abin dariyar, a sunansa ز ce ke nan. Turawa ne daga baya suka gwama shi da arithmos, kalmar Girkanci mai ma'anar lamba, th ya shigo. Don haka yaron da ya ce algorizim ya fi kusa da mai sunan, amma dai a gaban malamin Turanci ka fitar da ذ ɗinka.